Ƙananan makarantun zango a Accra: su wa ke zaune a ajin, wa ke tsaron lafiyarsu?

Tun da hukumar sa ido kan makarantu ta Ghana, wadda aka fi sani da NaSIA, ta fara matsa wa masu makarantu lamba su yi rajista su karɓi lasisi, tambaya ɗaya ke yawo a unguwannin zango na Accra, irin su Nima, Mamobi, Sabon Zango da Fadama: shin dokar ta hau kan ɗan ajin nan da ake koyar da yara a barandar masallaci ko a cikin kwantena? Wasu iyaye sun ɗauka makarantun allo za a rufe. Wasu malamai kuma sun ɗauka tunda abin da suke karɓa bai taka kara ya karya ba, babu ruwan hukuma da su. Kowace fahimta tana buƙatar gyara, kuma gyaran ba zai yiwu ba sai an san irin makarantar da ake magana a kai da irin yaran da ke cikinta.

Wace makaranta ake nufi?

A bakin mutanen zango, idan aka ce "makaranta" kai tsaye, ta Alƙur'ani ake nufi: allo, tawada, Malam da almajiransa, da yamma ko Asabar da Lahadi. Ta boko daban take. A tsakaninsu akwai makarantun Turanci da Arabiyya da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987 a cikin hukumar ilimi ta ƙasa, GES. Waɗannan gwamnati ke tura musu malamai, manhajar ƙasa suke bi, don haka matsayinsu a fili yake.

Wadda ake ruɗani a kanta ita ce ta huɗu, wadda za a iya kira makarantar cike giɓi. Aikinta ta ɗauki yaron da tsarin boko ya wuce ya bari, ta koya masa karatu, rubutu da lissafi cikin ɗan lokaci, sannan ta miƙa shi ga makarantar gwamnati ko wajen koyon sana'a. Tsarin yana da tarihi a ƙasar nan. Ƙungiyar School for Life ta fara shi a arewacin Ghana a 1995: aji na yara 25 masu shekara 8 zuwa 14, karatun wata tara, da rana bayan an dawo daga gona ko kiwo, cikin harshen da yaron ya tsotsa. Daga baya gwamnati ta rungume shi, kuma a 2020 majalisar dokoki ta kafa masa hukuma ta musamman da doka mai lamba 1055.

Sai dai wancan tsari da ƙauye aka gina shi, inda malamin ɗan garin ne, kowa ya san uban kowa. Irinsa na birni ya tsiro ne da kansa. Wani tsohon malamin firamare ne ya kama hayar shago, wata ƙungiyar mata ce ta nemi aron ɗaki a bayan masallaci, wani Malamin allo ne ya ga almajiransa ba su iya rubuta sunansu da boko ba, ya ɗauko saurayin da ya gama sakandare ya riƙa zuwa da safe. Yawancinsu ba su wuce aji ɗaya ko biyu ba.

Doka mai lamba 1023 ta 2020, wadda ta kafa NaSIA, ta ba ta ikon gindaya ƙa'idoji da duba makarantun da ke ƙasa da jami'a, na gwamnati da masu zaman kansu, tare da rajista da ba da lasisi. Ma'aunin da ya fi sauƙin fahimta shi ne aikin da wurin ke yi. Wurin da ke riƙe yara tun safe har azahar, yana koyar da manhajar GES, yana karɓar kuɗin wata, yana ɗinka yunifom, makaranta ce a idon doka ko da allon sunanta bai kai faɗin faranti ba. Karatun allo na bayan la'asar bai yi kama da wannan ba. Amma dokokin kare yara, waɗanda za a zo kansu, ba su ware kowa ba.

Me ya sa ake buƙatarsu alhali karatu kyauta ne?

Kundin tsarin mulki na 1992 ya yi alkawarin ilimin farko kyauta kuma dole. A 2005 aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati ta hanyar tallafin da ake bayarwa bisa yawan ɗalibai, aka kuma fara ciyar da yara. A Satumbar 2017 babbar sakandare ta zama kyauta. Duk da haka ƙidayar 2021 ta nuna yara kimanin miliyan 1.2 masu shekara 4 zuwa 17 ba sa zuwa makaranta. Mafi yawansu a yankunan arewa suke, amma talauci da neman abinci na turo wani kaso zuwa Accra da Kumasi, kuma zango ne masaukin baƙo tun zamanin fataken goro.

Kyauta a takarda ba ta hana kashe kuɗi. Akwai yunifom, takalmi, littattafan rubutu, kuɗin buga takardun jarrabawa, kuɗin koko da ƙosai da safe. Ga cunkoso a makarantun gwamnati na unguwannin da fili ya ƙare tuntuni. Sannan ga abin da ba a cika faɗa ba: kunya. Yaro mai shekara 13 da bai taɓa riƙe fensir ba, idan aka zaunar da shi aji ɗaya da 'yan shekara shida, da wuya ya kai mako biyu bai gudu ba.

Su wa ke cikin ajin?

Nan ne batun ya fi zurfi, domin aji ɗaya na irin wannan makaranta kan haɗa mutanen da makarantar gwamnati ba za ta taɓa zaunar da su benci guda ba.

Akwai yaran da shekarunsu suka wuce ajinsu, waɗanda suka yi shekaru a allo kaɗai ko suka yi ta yawo tsakanin hannun kaka a Bawku ko Yendi da hannun uwa a Accra. Akwai 'yan mata kayaye masu dakon kaya a kasuwannin Makola da Agbogbloshie da tashar Tema. Sunan ma rabi Hausa ne, "kaya", rabi kuma kalmar Ga, harshen 'yan asalin Accra, mai nufin mata. Galibinsu daga ƙasar Dagomba da Mamprusi suke, suna kwana da yawa a ɗakin katako guda ko a gaban shago, kuma babu babba nasu a kusa sai wata 'yar garinsu da ta riga su zuwa. Akwai 'yan matan da suka haihu suna ƙanana. GES ta fitar da ƙa'ida a 2018 da ta ba su damar komawa aji bayan haihuwa, amma komawa makarantar da kowa ya san labarinki ba abu ne mai sauƙi ba, shi ya sa wasu ke zaɓar ƙaramin wuri inda za a bar su su shigo da goyo. Akwai yaran baƙi daga Nijar, Burkina Faso, Togo da Najeriya. Akwai yaro mai lalurar ji ko jinkirin fahimta, wanda manufar ilimi ga kowa ta 2015 ta ce a karɓe shi a kowace makaranta, amma aji mai cunkoso ya gaza da shi. Akwai kuma 'yan koyon sana'a a gareji ko shagon ɗinki da maigidansu ke saki awa biyu.

Harshe ma wani zance ne. Hausa ce ke haɗa zango, amma ga Bazabarme, Bafulatani, Kotokoli, Mosi ko Dagomba, harshe na biyu ce ko na uku. Kuma Hausa ba ta cikin harsunan Ghana da gwamnati ke koyarwa a makarantu. A Accra galibi Ga ake koyarwa. Wato malamin cike giɓi yana bayani da Hausa, littafin da ke hannunsa na Turanci ne, yarinyar da ke gabansa kuma da Dagbani, harshen Dagomba, take tunani.

Abu na ƙarshe game da wannan jama'a shi ne ba ta zama wuri ɗaya. Idan damina ta faɗi a arewa wasu su koma gona. Idan azumi ko sallah ta matso kasuwa ta buɗe, aji ya ragu. Wanda aka rubuta a Janairu ba lalle a same shi a Yuni ba.

Yadda irin ɗalibai ke sauya ma'anar tsaro

A ɗauki misalin aji irin wanda duk mai bin lungunan Nima ya saba gani. Ɗaki ne ciki ɗaya, rufin kwano, ƙofa ɗaya, taga ɗaya da aka yi wa ƙarfen hana ɓarayi. Benci huɗu, tabarma a gaba don ƙanana. A bakin ƙofa mai sayar da shinkafa da wake ta ɗora tukunya a kan gas. Wata dattijuwa ta riƙo hannun yarinya ta yi sallama.

"Malam, ga 'yar ƙanwata na kawo, a taimaka a sa ta."

"Madalla, Hajiya. Shekarunta nawa?"

"Za ta yi goma, ko sha biyu. Uwarta ce ta sani, tana gida."

"Takardar haihuwa fa, ko katin asibiti?"

"Wallahi Malam, da kayan jikinta kawai ta zo."

Malam ya rubuta sunan yarinyar a littafi, ya ce ta zauna. A ma'aunin tausayi ya yi daidai, don da ya ce sai an kawo takarda, yarinyar ta tafi ke nan. A ma'aunin tsaro kuwa an bar ramuka: ba a san shekarunta ba, ba a san wa za a kira in ta suma ba, ba a san ko tana da sikila ko asma ba, ba a san wa ke da izinin zuwa ɗaukarta ba. Idan gobara ta tashi aka fito da yara, da wane lissafi za a tabbatar babu wanda ya rage a ciki?

Shi ya sa masu aikin kare yara ke ɗaukar littafin rajista da kiran suna kullum a matsayin matakin farko, kafin katanga da mai gadi. Ba ya cin kuɗi. Rashin takardar haihuwa bai hana a rubuta sunan mariƙi, lambar wayarsa, gidan da yaron ke kwana da wata lalura da aka sani ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya ta ƙasa, don haka makarantar da ta taimaka aka yi wa ɗalibanta kati ta rage wa kanta tashin hankali ranar da wani ya faɗi ya karye.

Haɗa ɗan shekara takwas da ɗan shekara 16 kuma yana da nasa haɗarin: cin zali, ƙwace kuɗin abinci, da abin da ya fi haka muni. Inda aka kula, akan raba zama ko lokaci, manya da yamma, ƙanana da safe. Makewayi ya fi komai wuya. Gidaje da yawa a waɗannan unguwanni ba su da shi, sai na haya da ake biya a shiga. Yaron da aka saki ya tafi makewayin haya ya fita daga idon malam ke nan, budurwar da ta fara al'ada kuwa sau da yawa gwamma ta zauna a gida kwanakin. Ajin dare, wanda shi kaɗai ne kayaye da 'yan gareji ke iya halarta, yana nufin komawa cikin duhu ta lunguna da bakin babbar kwata.

Gini, wuta da ruwa

Ƙa'idojin da hukuma ke nema ba daga sama suka faɗo ba. A Janairun 2017 ginin ajin renon yara ya rufta a Breman Jamra da ke Yankin Tsakiya, yara shida suka rasu. Ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Circle da ke Accra sun kashe mutum kimanin 150, kuma ruwan da ya yi wannan ɓarna ta magudanan Nima da kogin Odaw yake bi. Kwalarar 2014 ta kama mutum fiye da 28,000, mafi yawa a Accra, a unguwannin da ruwan sha da makewayi suka yi ƙaranci.

Dokar rigakafin gobara ta 2003 ta wajabta wa wuraren da jama'a ke taruwa su mallaki satifiket daga 'yan kwana-kwana. Ga ajin da aka kwatanta a sama, abin da jami'i zai fara kallo shi ne ƙofa ɗaya tilo, tagar da ba ta buɗuwa, wayoyin lantarki da aka jona barkatai, da tukunyar gas a hanyar fita. A lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga, mintunan farko a hannun malam da maƙwabta suke. Fasa ƙofa ta biyu, matsar da mai abinci gefe, ajiye tukunyar kashe gobara da bokitin yashi, koya wa yara inda za su taru, da tashin aji da wuri idan hadari ya haɗo a watan Mayu da Yuni, duk suna cikin ƙarfin ƙaramar makaranta. Filin wasa da gini mai ɗakuna da yawa ne ba sa ciki.

Bulala, da abin da ake rufawa

GES ta hana dukan ɗalibai a 2017, ta sake jaddadawa a 2019 tare da fitar da wasu hanyoyin ladabtarwa. Ruɗanin ya samo asali ne daga cewa wannan umarnin hukuma ne, alhali dokar laifuka ta 1960 da Dokar Yara ta 1998 sun bar ƙofar horo "daidai gwargwado". Masu goyon bayan bulala na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, har akwai tsohuwar magana cewa inda bulalar Malam ta taɓa wuta ba ta ci. Masu adawa na nuni da cewa ɗaliban cike giɓi su ne mafi saurin gudu: yaron da ya riga ya saba neman kuɗinsa a tasha, duka ɗaya ya isa ya sa ba a sake ganinsa ba.

Lalata da yara kuwa babu saɓani a kanta a doka. Saduwa da wanda bai kai shekara 16 ba laifi ne mai ɗaurin shekara 7 zuwa 25, ko da yardarsa. Dokar Yara ta ɗora wa duk wanda ya samu labarin cin zarafin yaro ya kai rahoto ga Sashen Jin Daɗin Jama'a, 'yan sanda kuma na da sashe na musamman mai kula da cin zarafin mata da yara, DOVVSU. Al'adar "a kashe maganar a gida" a gaban mai unguwa ko liman tana da amfani a rikicin gado da na aure, amma a nan ta saɓa wa doka, kuma yarinyar da ba ta da kowa a gari ita ce ta fi cutuwa da ita. Ƙaramar makaranta ta dogara da 'yan sa kai, waɗanda galibi ba su da lasisin Majalisar Malamai ta Ƙasa. Abin da ya rage mata shi ne binciken mutum kafin a ba shi aji, barin ƙofa a buɗe, hana malami keɓewa da ɗalibi, da samun mace babba da 'yan mata za su iya kai wa kuka.

Matsayin ɓangarori

Hujjar hukuma ita ce ran ɗan talaka bai fi na ɗan mai kuɗi arha ba. Idan aka sassauta ƙa'ida saboda makaranta ta talakawa ce, an halatta musu haɗari ke nan, kuma ba za a iya duba wurin da ba a san da shi ba.

Masu makarantun na cewa an auna ƙa'idar da makarantu masu fili da motar ɗaukar yara. Ƙungiyoyin masu makarantun kuɗi sun sha kokawa kan yawan kuɗaɗen da hukumomi daban-daban ke karɓa, to ina ga wanda kuɗin wata na ɗalibansa bai isa hayar ɗaki ba? A ganinsu, rufe ajin ba ya kai yaron makarantar da ta fi. Kasuwa yake komawa. Wannan hujja tana da ƙarfi, sai dai wasu na fakewa da ita su ƙi gyaran da bai fi ƙarfinsu ba.

Ƙungiyoyin kare yara galibi a tsakiya suke: a yi matakai, a fara da abin da ke kashe rai nan take, a ba da wa'adi kan sauran, a haɗa kowace ƙaramar makaranta da ta gwamnati da ke kusa. Wasu na ganin Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 da majalisun ƙananan hukumomi su ne ya kamata su ɗauki nauyin makewayi da gyaran rufi.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika jin muryarsa ba. A Mayun 2025 jami'an shige da fice sun kwashe baƙi masu bara fiye da 2,000 a titunan Accra, fiye da rabinsu yara. Tun daga nan duk littafin da ake rubuta suna da asali yana tsorata iyaye baƙi, har da waɗanda ba su taɓa bara ba. Rajistar da ake so don kare yaro na iya sa a ɓoye shi. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta taƙaita amfani da bayani ga dalilin da aka karɓe shi, amma sai malam ya zauna ya fahimtar da uba cewa littafin na makaranta ne, kuma ya tambayi abin da tsaro ke buƙata kawai.

Abin da zai iya biyo baya

Idan aka tsananta ba tare da tallafi ba, abu uku ake hange. Makarantun da suka iya cika sharuɗɗa za su ƙara kuɗi, mafi talauci su fita. Wasu za su rufe. Wasu kuma za su cire allon suna su koma cikin gida, inda babu sifeto babu idon maƙwabci, wanda ya fi halin da ake ciki haɗari. Idan kuma aka kau da kai gaba ɗaya, za a ci gaba da tafiya a kan sa'a har ranar da wani rufi ya faɗo.

Ga iyaye, rajista tana da wata fa'ida da ba ta shafi gobara ba. Shiga babbar sakandare kyauta sai da sakamakon jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, BECE, kuma makarantar da hukuma ta sani ce ke iya yi wa ɗalibi rajistarta. Tun 2015 akwai ta masu rubutawa ba ta hannun makaranta ba, amma an fi yin ta don masu gyara sakamako da waɗanda shekarunsu suka ja. Saboda haka uwar da ta kai ɗanta ajin cike giɓi tana da tambayoyin da za ta yi tun ranar farko, ba tare da raina Malam ba: bayan wata nawa za a miƙa shi gaba, wace makaranta ce ke karɓar yaranku, aji nawa ake sa su? Sauran kuma idonta zai gaya mata kafin ta miƙe daga benci: ƙofa nawa ce, ina yara ke zagayawa, wa ke raka ƙanana tsallaka titi, kuma da ta faɗi lambar wayarta, an rubuta ko ba a rubuta ba.